Na biya kuɗin darar yaƙi shekara biyu ke nan ba ta iso ba: damfara ce ko haka abin yake?

"Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Kakana yana cikin sojojin da aka kai yaƙin Bama, shi ya sa da na ga wani ƙaramin kamfani a Amurka zai fitar da wasan yaƙi na allo a kan wannan yaƙin, na roƙi wani ɗan'uwana da ke zaune a Ingila ya biya mini, ni kuma na tura masa naira. An ce mana wata tara za a yi. Yau shekara biyu da 'yan watanni ke nan, kullum sai saƙon ban haƙuri: yau zane, gobe masana'anta, jibi jirgi, yanzu kuma an koma maganar haraji. Tunda ka daɗe a harkar ɗab'i da shigo da kaya, ka gaya mini gaskiya, damfara ce ko haka abin yake? In ci gaba da jira ko in nemi kuɗina?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kakanka, ya jiƙan sauran mazajen da aka ɗiba daga ƙasar nan aka kai su Bama. Tambayarka, idan na fahimce ta da kyau, kashi biyu ce: ko jinkirin shekara biyu alama ce ta cuta, da kuma abin da ya kamata ka yi da kuɗinka yanzu. Amsata a taƙaice ita ce irin wannan jinkiri ya zama ruwan dare a wannan sana'a, kuma mafi yawansa daga ƙanƙantar kamfanin yake tasowa, domin ƙaramin mai buga wasa shi ne na ƙarshe a kowane layi da ya shiga. Amma akwai jinkirin da ke nuna cewa kamfani ya faɗa ramin da ba zai fita ba, kuma ana iya bambance wannan da wancan. Na shafe shekaru ina riƙe da maɗaba'a a Gusau, ina shigo da takarda da kwali ta Legas, na kuma sha yin oda a masana'antun Gwanzu da ke ƙasar Sin, don haka da idon mai ɗab'i zan duba maka lamarin.

Abin da ke cikin kwalin, da yawan masu sayensa

Saboda masu karatun da ba su taɓa ganin irin wannan wasa ba, bari in ɗan siffanta shi. Darar da muka sani ramuka ce a ƙasa da tsinkaye da duwatsu. Wannan kuwa taswira ce ta wani fagen fama na gaske, an raba ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, 'ya'yan wasan kuma ƙananan gutsattsarin kwali ne masu faɗin rabin inci ko ɗan fiye, kowanne yana wakiltar wata runduna, an rubuta masa lambobin ƙarfinsa da nisan tafiyarsa. Sai dayis irin na ludo, da jadawalin sakamakon arangama, da littafin ƙa'idoji wanda yakan kai shafi talatin ko arba'in. Tushen abin yana komawa ga sojojin Firusiya, wata tsohuwar daula ta Jamusawa, inda wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar da nasa a 1824 domin horar da hafsoshi. Wanda ya mai da shi hajar sayarwa shi ne Charles Roberts, Ba'amurke, wanda ya fitar da nasa a 1954, ya kuma kafa kamfanin Avalon Hill a Baltimore a 1958. Zamanin manyan kamfanonin wannan fanni ya wuce: kamfanin SPI ya durƙushe a 1982, Avalon Hill kuma Hasbro ya saye shi a 1998. Waɗanda suka riƙe sana'ar a yau su ne irin su GMT Games da ke Hanford a Kalifoniya, da Compass Games, da Multi-Man Publishing, da Decision Games, sai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, waɗanda wani lokaci mutum ɗaya ne da iyalinsa da ɗakin ajiyar mota.

Daga nan matsalar take farawa. Wasa irin naka ba a buga shi dubu ɗari. Daga 'yan ɗaruruwa ne zuwa 'yan dubbai, wanda kuma aka yi shi a kan Bama ya fi kusa da ƙasan wannan adadi, saboda masu sayen sun fi raja'a a kan yaƙe-yaƙen Turai. Duk mai ɗab'i ya san cewa akwai kuɗin da ba ya raguwa ko kwafi nawa za a buga: ladan mai zane, farantan ɗab'i, wuƙar yankan kwali, da saita inji. Mu ɗauka, domin misali kawai, waɗannan sun ci dala 10,000. Mai buga kwafi 50,000 zai ɗora wa kowane kwafi santi 20, mai buga kwafi 1,000 kuwa dala 10 ce ta hau kan kowane kwali tun ba a sayi takarda ko falle ɗaya ba. Ribar da ke saura siririya ce ƙwarai, kuma mai siririyar riba ba ya iya sayen sauri. Babban kamfani idan jirgin ruwa ya makara yana iya ɗora wani kaso a jirgin sama, ƙarami kuwa haƙuri kaɗai yake da shi.

Wannan ƙarancin jari ne ya haifar da tsarin yin oda tun kafin a buga. GMT yana da tsarin da ake kira P500, inda ake jira sai mutum 500 sun yi rajistar saye kafin wasa ya samu shiga jerin waɗanda za a buga, kuma ba a cire kuɗin mutum sai wasan ya kusa fitowa. Cika ɗari biyar ɗin ma ba ya nufin gobe za a kunna inji, layi ne wasan ya shiga. Ɗaya hanyar ita ce tara kuɗi daga jama'a ta Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, ko Gamefound na ƙasar Foland, inda ake karɓar kuɗi tun da fari. Daga yadda ka ba da labari, ta wannan hanya ta biyu aka karɓi naka. Bambancin yana da girma: a tsari na farko jinkiri lokacinka kawai yake ci, a na biyu kuwa kuɗinka yana hannun wani duk tsawon jiran. Malamanmu na fiƙihu da suka sharɗanta cewa a cinikin salam, wato wanda ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, dole a san siffar kaya da adadinsu da ajalinsu sun hango irin wannan damuwa da kake ciki, ko da yake hukuncin irin wannan sabon ciniki su za a tambaya.

Jinkirin da ke faruwa tun kafin a je masana'anta

Mutane sukan ɗora laifin duka a kan jirgin ruwa, alhali rabin jinkirin yakan auku wasan yana kan tebur. Mai tsara irin wannan wasa galibi yana da wani aikin da yake ci da shi, malami ne kamarka, ko lauya, ko tsohon soja, da dare da ranakun hutu yake zama a kan taswirarsa. Masu gwada wasan su ma 'yan sa kai ne, kuma zama ɗaya na iya cin yini guda. Ka ɗauki yaƙin kakanka. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, a ƙasa mai duwatsu da ƙungurmin daji, inda ta sama ake jefo musu guzuri, sannan 'yan dako su ɗauka a ka, runduna ta 82 kuma ta biyo baya a yankin Arakan. Wanda zai sa wannan a wasa dole ya ƙirƙiro ƙa'idar guzuri dabam da ta rundunar da ke tafiya da motoci. Idan masu gwaji suka gano cewa ƙa'idar tana ba ɓangare ɗaya nasara kullum, gyaranta zai taɓa lambobin da ke kan 'ya'yan wasa, ya taɓa jadawali, ya taɓa misalan da ke cikin littafi, sannan a sake gwaji daga farko. Masu iya zana taswirar wannan fanni kuma ba su da yawa, kamfanoni da dama ne suke layi a wurin mutum ɗaya. Rashin lafiyar mutum guda ko rasuwa a gidansa ta isa ta tsayar da aikin wata uku, tunda babu wani a benci da zai karɓa.

Laifin da nake ganin kamfanoni da yawa suna yi, kuma ba zan wanke su daga gare shi ba, shi ne karɓar kuɗi alhali wannan mataki bai ƙare ba, sannan su ba da ajalin da aka lissafa kamar babu abin da zai ɓaci. Wata tara da aka gaya maka lissafin ranar sa'a ne.

A masana'anta

Mafi yawan waɗannan wasanni a ƙasar Sin ake buga su, a masana'antu irin su Panda a Shenzhen da LongPack a Shanghai. A Turai akwai Ludo Fact a Jamus da Cartamundi a Beljiyam, amma ga ƙaramin adadi mai tarkace iri-iri Sin ta fi sauƙin farashi, kuma a can ne ake samun mai kwali da mai katako da mai dayis a kusa da juna. Ana biyan kafin alƙalami, sai masana'anta ta duba zanen, ta turo samfurin kwamfuta, ta turo samfurin kwali fari marar ɗab'i domin a auna girma, sannan samfurin da aka buga sosai. Kowanne sai ya tsallaka teku, an duba, an mayar da amsa. Gyara ɗaya yana cin sati biyu ko uku.

Abin da wanda ba ya cikin sana'ar bai cika ganewa ba shi ne makarar sati ɗaya ba ta tsayawa a sati ɗaya. Masana'anta takan ware wa aikinka gurbi a kan inji. Idan zanenka bai kammala ba ranar da gurbin ya zo, wani ake ɗorawa, kai kuma ka koma baya ka jira wani gurbin, wanda zai iya zama bayan wata biyu. Ni kaina na yi wa mutane haka, kuma yana damuna har yau. Gab da zaɓen 2023 wani dattijo ya kawo mini ɗan littafin tarihin garinsu, kwafi kaɗan, ya makara da gyaran shafukan ƙarshe da 'yan kwanaki. Kafin ya dawo fastocin 'yan siyasa sun cika injina dare da rana, kuma da kuɗinsu nake biyan albashin yara da man janareta. Littafin bai fita ba sai bayan an gama zaɓe. Ban yi niyyar cutarsa ba, amma shi ne ƙarami a layin, shi ya ɗauki nauyin. Mai buga wasan Bama a gaban masana'antar da ke buga wa wani kamfani kwali dubu ɗari kafin Kirsimeti, matsayin wannan dattijo yake.

Sai kuma kalandar Sin. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu sukan rufe sati biyu zuwa huɗu, ma'aikata su tafi garuruwansu, wasu ba sa dawowa sai an ɗauki sababbi an koya musu aiki. Akwai kuma hutun mako guda a farkon Oktoba. Aikin da ya kuskure fita a Janairu sai Maris ko Afrilu.

A nan zan ɗan daɗe a kan 'ya'yan wasan, domin su ne suka fi wahalar da mai ɗab'i, kuma su ne suka fi jawo a sake aiki. Ana buga gaba da baya a takarda biyu, a manna su a kwali mai kauri, sannan wuƙa ta sauko ta yanka ɗaruruwan gidaje a bugu ɗaya. Idan ɗab'in ya goce da milimita ɗaya ko biyu, a fasta babu mai lura, amma a gutsuren da bai wuce rabin inci ba wuƙar za ta gutsure lamba, 8 ta koma kamar 3, kuma a wannan wasa lambar ita ce komai. Na gane haka da hannuna lokacin da ni da wani abokina malamin tarihi muka gwada yin samfurin wasa a kan yaƙin Alwasa na 1805, wanda aka gwabza kusa da Gwandu. Gaban ya fita tsaf, bayan ya goce, sai da muka zubar da kwalayen muka sake. Da muka samu ya daidaita kuma sai wata ta taso: allon da muka manna da damina, da hunturu ya shigo ya bushe ya lanƙwashe kamar akushi, 'ya'yan suna zamewa daga gidajensu. Kudancin Sin ƙasa ce mai laima, kuma kwalin da aka naɗe a leda bai gama shan iska ba haka yake yi idan ya isa busasshiyar ƙasa. Mai wasan da ya ga irin wannan a samfurin ƙarshe yana da zaɓi biyu: ya karɓa ya tura wa mutane kaya mai aibi a kan lokaci, ko ya ce a sake ya sha zagin makara. Ni dai wanda ya zaɓi na biyu shi nake girmamawa, kuma shi zan sake ba kuɗina.

A kan teku

Shekarun nan ba su yi wa mai ƙaramin kaya daɗi ba. Kafin annobar korona ana ɗauko kwantena mai ƙafa 40 daga Sin zuwa gaɓar yammacin Amurka a kan abin da bai wuce dala 2,000 ba, amma a Satumbar 2021 farashin ya haura dala 10,000, wasu ma sun biya ninkin haka. A Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida, a Janairun 2022 jirage sama da 100 suna jiran shiga tashoshin Los Anjalas da Long Beach, sannan aka kulle Shanghai kusan wata biyu a Afrilu da Mayun 2022. Kai ka biya bayan wannan guguwar ta lafa, amma ka faɗa cikin ta biyu: daga Nuwamban 2023 hare-haren 'yan Husi a Bahar Maliya suka sa manyan jirage suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara kwana goma zuwa sati biyu a tafiyar Turai, ya kuma sake ɗaga farashi.

Ko teku tana lafiya, ƙaramin kaya yana da tasa wahalar. Kwafi dubu ba ya cika kwantena. Ko dai a haɗa shi da kayan wasu mutane, ya jira sai kwantenar ta cika, idan kuma kwastan suka tsare ta saboda kayan mutum ɗaya kowa ya tsaya, ko kuma kamfanin ya jira wasanninsa uku ko huɗu su kammala ya ɗora su tare domin rage kuɗin dako. A wannan hali wasanka yana iya kammaluwa tsaf yana zaune a sito, yana jiran wani wasan da ba ka ma san da shi ba. Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa haɗa kwantena da abokansa daga Gwanzu ya san wannan zaman jira.

Maganar haraji, da inda haɗarin gaske yake

Saƙon da suka turo maka a kan haraji gaskiya ne. Da can wasannin allo suna shiga Amurka daga Sin ba tare da kuɗin fito ba. A Fabrairun 2025 aka sa kashi 10 cikin ɗari, a Maris ya koma 20, a Afrilu ya kai 145, sannan a Mayu aka sauko da shi zuwa 30 bayan tattaunawar da Amurka da Sin suka yi a Janiba. Wanda ya shigo da kaya shi ke biya, kuma idan kaya sun sauka ake biya. Kamfanin da ya buga kayan dala 20,000 sai ya wayi gari a Afrilu ana neman dala 29,000 a hannunsa, a kan wasan da ya riga ya sayar tun shekara biyu da suka wuce a tsohon farashi. Da yawa sun ce wa masana'anta ta riƙe kayan a sito har a ga yadda za ta kaya, da harajin ya sauko kuma kowa ya ruga neman jirgi a lokaci ɗaya.

A nan ne nake so ka buɗe ido. Duk abin da na lissafa a baya lokaci yake ci, wannan kuwa jari yake ci. Kamfanin da ya karɓi kuɗin mutane, farashin takarda da dako da haraji suka haura abin da ya tara, yakan faɗa jarabar buɗe sabon tara kuɗi domin ya biya bashin tsohon wasa da kuɗin sabo. Wannan kamar mai adashi ne da ya ci kwasar wani yana jiran zubi na gaba ya cike gurbin. Galibi ba da niyyar sata ake fara shi ba, amma ƙarshensa ga mai saye ɗaya ne da na sata.

Yadda za ka gane inda naka yake

Ka koma kan saƙonnin da suka turo maka tun daga na farko, ka jera su, ka duba ko uzurin yana tafiya gaba. Yadda ka kawo su, zane, masana'anta, jirgi, haraji, shi ne ainihin jerin da aikin yake bi, kuma wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Wanda ya shiga rami uzurinsa zagaye yake yi, bayan ya ce kaya suna jirgi sai ka ji an koma gyaran taswira. Mai gaskiya yana nuna hoton samfurin da ya karɓa, da hoton katan-katan a jibge a masana'anta, yana faɗin tashar da jirgi zai sauka, wani lokaci har da sunan jirgin, wanda kowa zai iya bibiyarsa a intanet. Yana kuma faɗin labari marar daɗi da adadi. Abin tsoro shi ne shirun wata uku ko huɗu, da saƙo mai yawan godiya da ban haƙuri babu hoto babu kwanan wata, da kuma kamfanin da ya buɗe sababbin tara kuɗi biyu ko uku alhali bai sauke ko ɗaya daga na baya ba. Littafin kuɗin kamfanin ba ya gabana, hukuncina a kan abin da ka faɗa mini kawai ya tsaya, saboda haka ka sa ɗan'uwanka, tunda da sunansa aka biya, ya rubuta musu tambaya uku a fili: an gama bugawa ko ba a gama ba, kayan suna wace ƙasa a yau, kuma na masu saye a Ingila ta Amurka za su bi ko kai tsaye daga Sin za su taho. Ta ukun tana da muhimmanci, domin idan kai tsaye ne harajin Amurka bai shafi kwalinka ba, sai dai ta fuskar ramin da ya yi wa aljihun kamfanin.

Game da neman kuɗinka, ka sani Kickstarter ba kanti ba ne kuma ba ya mayar da kuɗi, kamfanin ne zai mayar idan ya ga dama, wa'adin da banki ke bayarwa na ƙalubalantar ciniki kuma 'yan watanni ne, ya wuce tuni. Ka kuma yi lissafin naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Idan aka mayar maka da dalarka za ka ga naira mai yawa a hannu, amma ranar da wasan ya fito a kanti, da sabon farashin da haraji ya ɗora masa, wannan kuɗin ba zai saya maka shi ba, ga shi irin wannan ɗan adadi yakan ƙare a jima ba a sake bugawa ba. Shawarata ita ce idan sun tabbatar da hoto cewa an gama bugawa, ka jira. Idan kuwa bayan shekara biyu ko samfurin ƙarshe ba su iya nunawa ba, ka nemi kuɗinka da ladabi tun akwai abin da za a mayar. Nan gaba kuma ka fifita tsarin da ba a cire kuɗi sai kaya sun kusa, ko ƙananan kamfanonin da ke bugawa ɗaya-ɗaya idan an yi oda, waɗanda kayansu sun fi tsada kaɗan kuma kwalinsu bai kai na masana'anta ƙyalli ba, amma ba ruwansu da kwantena.

Daga Ingila zuwa Birnin Kebbi

Akwai zango na ƙarshe wanda kamfanin ba shi da hannu a ciki. A irin wannan tsari sau da yawa kuɗin aikawa daban ake karɓarsa idan kaya sun kusa, ga kuma harajin saye na Ingila, don haka ka tanadi wani abu, kuma ɗan'uwanka ya tabbatar adireshinsa na yanzu ne a wurinsu, domin mutane da yawa sun rasa kwalinsu saboda sun sauya gida a cikin shekarun jira. Kwalin yakan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma aiko shi shi kaɗai ta kamfanin aika saƙo zuwa Najeriya, da kuɗin kwastan a kai, yana iya kamo kuɗin wasan kansa. Idan ya sauka a Legas kuma ya biyo mota ta Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Jega, ba kowane ɗan kamasho ne zai kula da cewa kwali ne marar son danni da ruwa ba. Na fi son ka jira mai zuwa gida ya sako shi a tsakiyar akwatin tufafinsa. Kafin nan, ka duba ko kamfanin ya saki littafin ƙa'idojin a intanet, kamar yadda da yawansu suke yi, ko ya sa wasan a manhajar VASSAL da ake bugawa kyauta a kwamfuta, ka fara koyo, har ka nuna wa ɗalibanka taswirar Kaladan.

Ranar da kwalin ya isa hannun ɗan'uwanka, ka ce masa ya yage ledar ya buɗe tun yana can. Ya ƙirga allunan 'ya'yan wasan ya gwada da adadin da aka rubuta a bayan kwali, ya duba gaba da baya ko wuƙa ta ci lamba, ya shimfiɗa taswirar a tebur ya ga ko ta kwanta. Kamfanoni sukan ajiye 'yan rarar kaya domin musanya, amma rarar ba ta daɗewa, kuma aika allo ɗaya zuwa Ingila abu ne da za su yi cikin sati biyu, wanda aika shi zuwa Kebbi zai iya zama wani jiran na watanni.